Ku Sauka Daga Kwalta, Ko Ku Ƙyale Ƙauye Ya Huta



Wannan makon da faɗa na zo, don haka wanda ya san zuciyarsa a kusa take ya kurɓi ruwa tukuna. Maganata a kan ƙauyen da ke cikin littattafanmu ce. Ƙauyen nan guda ɗaya ne tak, kowa shi yake ara ya yi amfani da shi ya mayar. Ba shi da suna, in an matsa sai a ce "wani ƙauye ne can cikin jihar Katsina". A cikinsa akwai rijiya ɗaya, bukka uku, tsohuwa mai jan baki da goro, sai wata yarinya baƙa ƙazama mai tallan fura wadda ba ta taɓa ganin buroshi ba. Aikinta kawai ta jira motar ɗan wani Alhaji ta lalace a bakin hanya, a ɗauke ta a kai Abuja a wanke, kafin shafi na arba'in ta koma fara tas tana turanci ta hanci. Daga nan ƙauye ya gama aikinsa, ba a sake jin ɗuriyarsa sai ranar da za ta dawo da jerin motoci ta wulaƙanta kishiyar uwarta.

Amma ba yarinyar ce ta fi ƙona mini rai ba. Wata jimla ce da na karanta ta fi sau ɗari: "Bayan tafiyar awa biyu suka iso ƙauyen." Shi ke nan. Awa biyu cur an haɗiye su a layi ɗaya. Ta ina suka bi? A ina suka bar kwalta? Rani ne ko damina? Wace ƙorama suka tsallaka, wa suka tarar a bakinta? Marubucin bai faɗa ba domin bai sani ba, kuma bai sani ba domin bai taɓa bin hanyar ba. A cikin awa biyun nan da ya tsallake labarin yake.

Ni ɗan wannan yanki ne, tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, kuma abin hawana wata tsohuwar roba-roba ce da na saya a hannu tun ina diploma. Da ita nake magana, ba da digiri ba. Wanda ya taso daga Katsina ya bi ta Kurfi ya shiga Dutsin-Ma a mota, kwalta ce za ta kai shi, zai kuma iya rantsuwa cewa ya san yankin. Bai san komai ba sai allunan gefen hanya da masu tallan rake. A Kurfi akwai Tsauri da Rawayau da Barkiya da Birchi da Wurma. A Dutsin-Ma akwai Karofi da Shema da Makera da Dabawa da Kuki da Bagagadi da Kutawa. Waɗannan ma sunayen da suka samu shiga takardar zaɓe ke nan. Bayan kowane ɗaya akwai ƙauyuka da unguwanni da rugage waɗanda ba abin da ke kai ka sai burji, in burjin ya ƙare sai turba, in turbar ta ƙare sai burtalin shanu. Ku faɗa mini littafi nawa ne cikin waɗanda muke turawa a WhatsApp da Wattpad ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu? Amma sunayen unguwannin Dubai mun haddace su kamar a can aka yanke mana cibiya.

Me ya sa na ce babur, ban ce mota ba? Saboda mota tana raba ka da mutane. Ka shiga ƙauye da mota gilashi a rufe, kafin ka fito an riga an yanke maka hukunci: ko ɗan siyasa ne, ko ma'aikacin rigakafi, ko wanda ya zo rabon wani abu. Maganar da za a yi maka ita ce wadda ake yi wa masu mota. Ƙafa kuma ba za ta kai ka nesa ka dawo a yini ɗaya ba. Babur ne ke tsakiya. Ka iso fuska ta yi ja da ƙura, gira ta yi fari, an san ka sha hanyar da kowa yake sha. Kafin ka gama sallama an miƙo maka ruwa a kwanon sha.

Kuma hanyar kanta malama ce, tana koyarwa da duka. Burji in ya daɗe ba a gyara ba yakan yi gargada, wasu ƙananan kunyoyi a jere, in ka bi a hankali haƙoranka su riƙa haɗuwa, in ka yi gudu bayan babur ya riƙa rawa. Yashi kuma nasa hukuncin daban: ka taɓa birkin gaba a cikinsa ka sha ƙasa, sai dai ka sauko giya, ka riƙe totur daidai, ka saki ƙafafu kamar mai koyo. Tsakuwa a kan kwana ta fi yashi mugunta domin ba ta yin gargaɗi. Ƙayar aduwa tana shiga taya ba sallama, sai ka tura babur kilomita biyu ko uku kafin ka samu mai faci a gindin bedi, kuma a nan gindin bedin, kafin gam ya bushe, za ka ji wanda ya sayar da sansa, da wanda aka hana wa aure, da farashin taki, da dalilin da ya sa gidan su wane suka tashi suka koma Dutsin-Ma. Da damina ƙorama takan kawo ruwa bayan sama ta ɗauke, ka tarar da mutane jingim a gaɓa biyu suna jiran ya janye, samari suna ɗaga babura a kafaɗa su tsallakar a ba su na goro. Inda kwalbati ya karye tun bara, har yanzu reshen ƙaya ne aka sa alama.

Wani zai ce to wannan ai labarin kanikanci ne, ina ruwan adabi da faci? Ruwansa kuwa. Hanya ce ke yanke wa mutanen labarinka abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba. In matar jaruminka ta fara naƙuda da dare a watan Agusta, ƙoramar nan ce za ta faɗi ko za ta kai asibiti, kuma a kan me za a ɗauke ta, amalanken shanu ko babur a sa ta tsakanin mutum biyu. In malamin firamare ba ya zuwa sai sau biyu a mako, je ka bi hanyarsa sannan ka yanke hukunci ko mugu ne ko gajiyayye. In manomi ya sayar da buhun gero a ƙofar gida da arha alhali ya san farashin kasuwa, lissafa kuɗin ɗauko buhun zuwa bakin kwalta. Marubucin da bai san wannan ba sai ya cika ramin da aljanu da boka da mugun kawu, domin bai san ainihin abin da ke wahalar da mutane ba.

Na taɓa karanta wani labari, ba zan kama suna ba, inda masoya suka zauna a inuwar gawo "ana tsakiyar damina, ganyensa ya yi shar". Duk yaron da ya taɓa kiwon awaki zai yi dariya. Gawo da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya shigo ya yi ganye, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana, ga taki yana zuba mata. Kuskure ne ƙarami, amma daga wannan layin na daina yarda da duk abin da marubucin ya gaya mini, har da soyayyar. Haka harshe. Mutumin Kurfi a littafinmu ko dai ya yi Kananci tsantsa, ko a sa masa wata Hausa ta ba'a da ba a yin ta a ko'ina a duniya. Ba ka jin "ranka shi daɗe" ko "ina za ka tahi" a inda suka dace, sai dai a inda ake so a yi wa mai maganar dariya.

Ku dubi Zobe. An kammala madatsar ruwan nan a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin Shehu Shagari. Ruwa ya kwanta shekara da shekaru kudu da Dutsin-Ma, mutanen gari suna sayen na 'yan garuwa, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin tura shi zuwa Katsina. Kusan shekara arba'in. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama dam ɗin ya yi furfura kafin a yi wannan biki. A gefensa akwai masunta, akwai masu noman rani, akwai waɗanda gonakin kakanninsu ke ƙarƙashin ruwan. Wannan ba littafi ba ne? Amma mun bar shi muna rubuta yadda jarumi ya sauka daga jirginsa na kansa.

Abin kunyar ma, wani Bajamushe ya riga mu. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Katsina a watan Maris 1853 zai tafi Sakkwato. Saboda yaƙin Gobirawa bai miƙe yamma kai tsaye ba, sai ayarinsu ya karkato kudu, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka. Ya rubuta duwatsun Kurfi da irin ganuwa da ramukan da mutanen garin suka yi don kare kansu. A kan doki ya zo, baƙo ne, ƙasar ba lafiya, amma ya tsaya ya duba ya rubuta. Yau fiye da shekara ɗari da saba'in, mai son sanin yadda wannan yanki yake a wancan zamani dole ya koma wurinsa. Wanda zai so sanin yadda yake a namu zamanin, wurin wa zai koma? Wurin yarinya mai tallan fura?

Na san abin da ke bakinku tun ɗazu, kuma shi ne hujjarku mafi ƙarfi: tsaro. Ban raina ta ba, kuma duk wanda ya raina ta ba ɗan nan ba ne. Muna maƙwabtaka da Safana da Batsari da Ɗanmusa, dajin Rugu yana yamma da mu. An shiga Wurma an kwashi mutane a 2019. An kwashe ɗaliban sakandaren Ƙanƙara sama da ɗari uku a Disamba 2020. A Oktoba 2023 har cikin garin Dutsin-Ma aka shiga aka ɗauki ɗalibai mata na jami'ar tarayya. Akwai hanyoyin da na bi shekarun baya waɗanda yau ko an biya ni ba zan bi ba. Ban ce kowa ya ɗauki littafi da biro ya nufi daji ba, wanda ya yi haka ba marubuci ba ne, mahaukaci ne.

Sai dai ku lura da abu biyu. Na farko, ƙauyen ƙarya da nake magana a kai ya girmi matsalar tsaro. Tun ana kwana a hanya lafiya muke rubuta shi. Tsaro bai hana mu zuwa ba, ya dai ba mu uzurin da muka daɗe muna nema. Na biyu, kuma shi ne ya sa na yi wannan rubutu, matsalar tsaron ita ce babban dalilin zuwa. Mutanen da ke bayan burjin nan ba su daina bin sa ba. Kullum suna kai, da buhu, da mara lafiya, da amarya, da gawa. Abin da duniya ke ji game da su adadi ne: an kashe kaza, an sace kaza. Ɗan jarida ya ba da adadi ya wuce, aikinsa ke nan. Wa zai faɗi yadda magidanci ke kwana a gona ya bar ɗakinsa, ko yadda ake sayar da shanun huɗa a haɗa kuɗin fansa sannan damina ta zo ba abin noma, ko yadda budurwa ke komawa gidan ƙanwar uwarta a gari ta zama 'yar aiki ba da sunan aiki ba? Idan mu da muke jin harshensu muka ƙi, to za a rubuta su daga Abuja da Legas da Landan, kuma za a rubuta su yadda muka rubuta mai tallan fura.

Shi kansa babur ɗin labari ne da ba wanda ya taɓa. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana mutum uku hawa babur ɗaya, ta dakatar da cinikin babura na hannu a kasuwar Charanchi. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni a haka. An yi ne don a toshe wa 'yan bindiga hanya, domin da babur suke zuwa. To amma da babur ɗin nan ake kai mai naƙuda, a jarkar nan mai injin ban ruwa da mai injin niƙa ke sayen mai. Ƙarfe ɗaya, in ya taho da rana sai yara su ruga tarye, in aka ji ƙararsa da dare sai gari ya watse. Mutum ya hau tudu ko ya yi tafiya mai nisa don kawai ya samu layi ya gaya wa ɗansa cewa uwarsa ta rasu. Mun rayu a cikin wannan, da idonmu muka gani, amma da aka buɗe layi abin da muka fara turawa shi ne ci gaban labarin matar gwamna da kishiyarta.

Zuwa kuma yana da ƙa'ida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a zuwa ƙauyen da ba a san kowa ba. Ka nemi ɗan garin, abokin karatu ko ɗan acaɓan da ke bin hanyar kullum, ka tambaye shi da safiyar ranar, ba jiya ba, domin hanyar da ke lafiya jiya tana iya lalacewa yau. In ya ce a bari, a bari. Ranar kasuwa ta fi, saboda hanya cike take. A fita da hantsi, a juyo kafin la'asar ta yi sanyi, tanki cike. In ka isa, wurin mai unguwa za ka fara, ka durƙusa ka ce "Baba, ni ɗan wane ne daga wuri kaza, na rako wane." Kada ka zaro waya kana ɗaukar hoto, kada ka tambayi wa ke da shanu ko wa ya sayar da amfanin gona. A wannan zamani baƙo mai irin waɗannan tambayoyi sunansa infoma, kuma mutanen da suka sha wuya ba su da lokacin bincike. Littafin rubutunka ma bar shi a aljihu. Ka saurara, ka ci abin da aka ba ka, in ka dawo gida ka rubuta. In za ka saka a labari, canza sunan mutum da na gidansa, kada alƙalaminka ya jawo wa wani bala'i.

'Yan'uwa mata, na san ku ne mafi yawa a wannan fage, kuma na san za ku ce ku ba ku tuƙa babur zuwa ƙauye. Gaskiya ne. Amma ku kun fi mu dama. Ni iyakata zaure da gindin bishiya, ke kuwa har ƙuryar ɗaki za ki shiga. Wace ce a cikinku ba ta da gwaggo ko inna a ƙauye? Biki nawa da suna nawa aka gayyace ki kika aika da turmin atamfa kika ce hanya ba kyau? In lafiya ta samu, hau bayan yayanki ko ki shiga motar kasuwa ki je ki kwana biyu. Ki ga ƙarfe nawa ake tashi, wa ke surfe, wa ke zuwa itace, me ake yi da kuɗin ƙuli-ƙuli, wa ke riƙe da adashi. Za ki tarar da matan da suka fi jarumarki ta Abuja wayo da iya lissafi nesa ba kusa ba, kuma wankansu da kwalliyarsu ba sai ɗan Alhaji ya zo ba.

Akwai masu cewa ƙagaggen labari ai ƙage ne, marubuci yana da 'yancin ya ƙirƙiri duniyarsa. Sukan kawo Ruwan Bagaja, wai ai Abubakar Imam bai je inda jaruminsa ya je ba. To ku sake karantawa. Yawancin ƙasashen ƙage ne, amma kasuwa da alƙali da malami da ɓarawo da wawan gari duk na gida ne, ya san su kamar yunwar cikinsa, shi ya sa tun 1934 har yau ake dariya a inda ya so a yi. Shi ne kuma da ya je Ingila ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, bai zauna a Zariya ya ƙaga Landan ba. Sulaiman Ibrahim Katsina da ya rubuta Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri, abin da ke faruwa a ƙasarsa ya duba. Ƙage yana buƙatar ƙasar da zai taka. Wanda bai san komai ba ba ƙagawa yake ba, kwafar littafin da ya karanta jiya yake, wanda shi ma kwafa ne daga fim ɗin Indiya.

Masu cewa mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, na yarda, ni ma a gidan mai nake saye. Amma roba-roba ba ta shan mai kamar mota, lita biyu ta isa ta kai ka wani ƙauyen ta dawo da kai. Kowa ya duba abin da ya kashe a data wannan watan yana musu a kan wace marubuciya ta saci labarin wace, sai ya zo mu yi lissafi.

Ƙungiyoyinmu ma ba zan ƙyale su ba, har da wadda nake ciki. Muna tara kuɗi mu kama ɗakin taro, mu buga allo, mu ba mai kuɗi lambar yabo ta "garkuwan marubuta" alhali bai taɓa karanta shafi ɗaya namu ba, mu ci shinkafa mu watse. Kuɗin allon kaɗai ya isa ya cika tankin babur biyar. Shawarar da zan kai taronmu na gaba ita ce, sau ɗaya a wata, bayan an ji ta bakin mutanen wurin, mutum biyar ko shida su bi ɗan'uwa ɗaya zuwa garinsu ranar kasuwa, su dawo kowa ya rubuta shafi biyu a kan hanyar kawai, daga inda aka bar kwalta zuwa ƙofar mai unguwa, a karanta a gaban ɗan garin ya nuna inda aka yi ƙarya. Wanda ke Dutsin-Ma ko Kurfi ba shi da abin hawa, bayan roba-robata akwai wurin mutum ɗaya, sai dai ya zo da hular kwanonsa.